Osumanu Mai Goro, Waliyyin Indiyawa

A duk faɗin Nima da Maamobi, unguwannin zango na babban birnin Gana, da wuya ka sami auren da aka ɗaura a shekarun saba'in da tamanin ba tare da an raba goron Osumanu ba. Shi da kansa yake kaiwa, a ƙwarya, an lulluɓe da ɗanyen ganye. Zai isa ƙofar masallaci ya yi sallama, wani ya fito ya karɓa, a ce masa Allah ya saka da alheri, shi ke nan an gama da shi. Sai ya koma bakin kwata cikin 'yan kallo, yana miƙa wuya yana leƙen tabarmar gaba inda manya suke, yana jiran wurin nan da waliyyin amarya zai gyara murya ya ce, "Na bayar." Osumanu ya fi son wannan 'yar magana a kan duk wa'azin da ake yi a wurin. Kuma ko sau ɗaya ba a taɓa sa shi ya faɗe ta ba.

Ba raini ba ne. Mutum ne da ya sauko daga Bawku, can arewacin ƙasar, a bayan motar albasa, shi kaɗai, ba wa ba ƙane, kowace amarya kuwa tana da nata dangin masu jiran wannan rana. Abin da Allah ya ba shi, shi da matarsa Amama, 'ya ɗaya ce tak, Adisa. Tun ranar sunanta ya sa tela ya ɗinka masa farar babbar riga, ya ninke ta a ƙasan akwati, ya zuba mata kafur, ya ce ta ranar auren Adisa ce. Amama ta ce ya bari yarinyar ta yi haƙori tukuna. Ya ce ai da sanyin safiya ake kama fara.

A wancan zamani fim bai san hanyar gidajen mutane ba. Idan kasuwa ta tashi, Osumanu yakan kai farantinsa ƙofar wani gidan silima mara rufi, amma bai taɓa shiga ba. Ta saman katanga yake jin komai, kuma da kunne kaɗai ya yanke wa finafinan duniya hukunci. Na Indiya, in ji shi, mutane ne da ba sa iya roƙon ruwan sha sai da waƙa. Na Sin mutane ne masu gaisawa da ƙafa. Na kaboyi ya fi ba shi haushi, saboda ana wahalar da dawakai ba gaira ba dalili. Idan aka ce masa ai bai gani da idonsa ba, sai ya ce shi ma ba sai ya tauna goro yake sanin mai tsutsa ba.

Sai ga shekarar tamanin da uku, shekarar da aka koro 'yan Gana daga Najeriya, ga yunwa ta fito wa kowa da ƙashin wuya. Wasiu mai gyaran rediyo, ɗaya daga cikin 'yan hayar gidan da Osumanu yake zaune, ya dawo daga Agege ba takalmi ba jaka, sai talabijin mai kala a ka da na'urar bidiyo a hammata. Matan gida suka ce da shinkafa ya ɗauko da ya fi. Gidan irin na Maamobi ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, Kotokoli a nan, Dagomba a can, ga Zabarmawa ga Mosi, kowa da yarensa a ɗaki, in an fito waje a haɗu a Hausa. Mai gidan ya daɗe da komawa unguwar Madina a can gefen gari, ya bar wa Osumanu amanar komai, daga famfo har tarbiyya. Famfon ba ya kawo ruwa, saboda haka tarbiyyar ya riƙe hannu bibbiyu.

Da aka fara samun abin sawa a baki, wata Lahadi bayan la'asar Wasiu ya fito da kayansa ƙarƙashin rumfar kwano, ya karɓo kaset ɗin Indiya wurin Gafaru mai hayar kaset. Gida ya cika har kan katanga. Aka yi dace, ko rashin dace, Hajiya Zelia, uwar Amama, ta zo ganin jikarta, aka ajiye mata kujera a gaba. Osumanu, wanda ko ruwa ba ya sha a gaban surukarsa, ya rakuɓe can gefe yana kallo ta ƙasan hula.

Da farko lafiya lau. An yi kuka, an yi waƙa, wani mai gashin baki ya zare ido. Can sai saurayin fim ya bi budurwar cikin gonar furanni, ya kama hannunta, ya jawo ta jikinsa, ruwan sama ya kece, ita kuwa ba laima ba mayafi. Hajiya Zelia ta ce, "La'ilaha!" Osumanu bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya tsaya a gaban talabijin ya buɗe hannuwan rigarsa ya rufe gilashin ruf.

"Wasiu, tsai da shi! Yarinyar nan, ina ubanta?"

Wasiu ya danna maɓalli. "Baaba, sini ne fa, fim kawai. Babansa ya mutu tun farko, ba ka gani ba?" A Hausar Maamobi mace ma "shi" ce, kowa ya gane budurwar yake nufi.

"To kawunta? Wanta?"

"Ba shi da kowa koraa, ko mutum ɗaya."

"An ɗaura musu aure?"

"Sai ƙarshe, Baaba. Sini na Indiya sai ƙarshe ake yin aure."

"Sai ƙarshe? Su gama wannan a gaban surukata sannan a yi aure? Ba a gidan nan ba."

'Yan kallo suka fara gunaguni, wani daga kan katanga ya ce dattijo ya matsa. Gaba kura baya siyaki: ya kashe fim gida ya tashi masa, ya bar fim ya rasa idon kallon Hajiya har abada. Sai wata dabara ta faɗo masa, kuma ni dai ina zargin ta daɗe tana laɓe a bakin ƙofa tana jiran a kira ta.

"Tunda marainiya ce, ni ne waliyyinta," in ji shi. "Wa zai tsaya wa yaron?"

Gajere mahauci, mutumin da ba a taɓa kiran taron da za a raba wani abu ya ce yana da uzuri ba, ya ɗaga hannu. Aka lulluɓe talabijin da mayafin Amama, tunda hoton ya tsaya a wurin da bai kamata ba. Osumanu ya shiga ɗaki ya fito da ƙwaryar goro. Aka tambayi sadaki, Gajere ya ce ƙafar saniya, ajalan. Sannan ya durƙusa ya ce suna nema wa ɗansu auren 'yar gidan nan. Osumanu ya gyara murya, irin gyaran da ya daɗe yana ji daga bakin kwata, ya ce, "Na bayar." Gajere ya ce sun karɓa, mata suka rangaɗa guɗa, aka raba goro, aka yaye mayafi, ango da amarya suka ci gaba da rawarsu cikin ruwa, yanzu kam da izini. Hajiya Zelia ta ɓare goronta ta ce yarinyar ta yi dacen miji, sai dai a saya mata laima.

Labari ya kai kunnen Malam Lauwali, limamin ƙaramin masallacin layin, Basakkwace mai cikakkiyar Hausa. Ya tako har gida.

"Haba Malam Usmanu, wannan fa hoto ne. Hoto ba ya aure."

"Hoto ne, Malam, amma kunyar da na ji a gaban surukata ba hoto ba ce."

Malam ya daɗe yana shafa gemu. Daga ƙarshe ya yanke cewa ba za a karanta Fatiha ba, kada kuma a sake a kira shi, amma rabon goro sadaka ce, ba mai hana ta. Ya zaɓi fari guda biyu ya sa a aljihu ya tafi.

Daga ranar abin ya zama dokar gida. Yatsan Wasiu har ya koyi aikin da kansa: da zarar an fara busa sarewa, ga kuma bishiya a kusa, sai ya danna tun kafin Osumanu ya yi magana. Mayafi, goro, "Na bayar," guɗa, a ci gaba. Mutane daga wasu layuka suka riƙa zuwa, ba don fim ba, don auren. Finafinan Sin kuwa ko a jikinsa. A kashe mutum ɗari a gabansa, sai ya yi hamma ya ce wannan aikin 'yan sanda ne. Amama ce kaɗai take ƙorafi, ganin goron da ya kamata ya je kasuwa yana ƙarewa a bakin Gajere. Osumanu ya ce mata, a ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa, "Koyon hannu nake yi. Kada ranar Adisa harshe ya sarƙe mini a gaban mutane." Amama ta dube shi, ba ta sake maganar goro ba.

Matsala ta zo ranar da Gafaru ya kawo wani sabon kaset. Ana cikin kallo sai ga amaryar Osumanu ta fari, ta gonar furanni, ita ce ba wata ba, da ɗigon goshinta da komai, tana kewaya bishiya da wani dogo mai farin wando. Ba mijinta ba ne.

"Gajere! Ɗanku ya sake ta ne ba ku gaya mini ba?"

Gajere ya dafa ƙirji. "Wallahi Baaba, bai aiko ni da saki ba koraa. Ni ma yanzu na gani."

Wasiu ya yi ƙoƙarin bayani, ya ce aikinta ke nan, biyanta ake yi, kowane fim da mijin da ake ba ta. Osumanu ya ce wannan bayanin ya fi laifin muni. Aka zauna shawara. Gajere, a matsayinsa na wakilin ango, ya yi saki ɗaya yana ɓata rai, da sharaɗin a yafe ƙafar saniyar da dama bai taɓa kawowa ba. Kowa ya gyara zama za a ɗaura sabon aure a ci gaba da kallo. Sai Osumanu ya sa aka zaro kaset ɗin, ya miƙa hannu ya karɓe.

"Sai ta gama idda," in ji shi. Ya kai kaset ɗaki ya cusa shi cikin huhun goro.

Gafaru ya yi sintiri har takalminsa ya san ramukan layin. Ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya haɗa da Malam, duk a banza. Da ya ga wata na biyu ya kama, sai ya yi abin da yake ganin wayo ne. Ya tono wani tsohon fim inda aka harbe mijin farko a ƙarshe, ya kawo aka kalla. Mijin ya faɗi, ya yi doguwar waƙa, ya cika.

"Ga shi nan, Baaba," in ji Gafaru yana murna. "Mijin ya mutu. Ba sauran magana, a ba ni kayana."

Osumanu ya cire hula ya yi salati. "Allahu akbar. Saki ɗaya ne, kuma ya rasu tana cikin iddarsa. Takaba ta hau kanta ke nan. Wata huɗu da kwana goma, daga yau."

Gafaru ya nemi wuri ya zauna a ƙasa. Da aka kai wa Malam Lauwali ƙara, ya ce lamarin daga tushensa hauka ne, amma dai hukuncin, tsakani da Allah, daidai yake. Ranar da kaset ya fito daga huhu yana warin ganye, danshi ya riga ya shige shi, amarya ta fito da layi-layi a fuska, murya tana ja. Matan gida suka ce Allah sarki, takaba ce ta ramar da ita.

Duk wannan, wadda take ɗaukar nauyinsa ita ce Adisa. Tana yarinya ita ce mai riƙe gefen mayafi, amma da ta zama budurwa abin ya daina ba ta dariya. A makaranta ana ce mata ƙanwar Indiyawa. A wurin koyon kitso a tambaye ta lafiyar yayarta mai takaba. Ranar da yaron motar haya ta trotro ya ce, "Ƙanwar Indiya, a ina za ka sauka?" mota duka ta kwashe da dariya, ta dawo gida ido jajir ta sami babanta yana wanke goro.

"Baaba, don Allah ka bari haka nan. Duk Nima suna yi mana dariya. Ranar aurena ma sini za su zo kallo, ba aure ba."

Osumanu ya ci gaba da wanke goron da ya riga ya wanku. Maganar ta shige shi sosai, kuma ba ta sake fita ba.

Amma ba Adisa ce ta raba shi da sana'ar ba, zamani ne. Finafinan Amurka suka shigo, inda mace da namiji suke haɗuwa a tashar mota, kafin Osumanu ya dafa gwiwa ya miƙe har sun gama abin da za su yi sun rabu. Ya ce waɗannan ko limamai goma ba za su iya da su ba. Sannan aka fara yin finafinai a nan gida Gana, cike da mayu da bokaye. Wata rana ya miƙe zai ɗaura wa wasu aure, sai wata 'yar haya ta ce ta san matar, atamfa take sayarwa a Kasuwar Makola, tana da miji da 'ya'ya, kuma mijin ɗan dambe ne. Osumanu ya koma ya zauna.

Abin da ya ƙarasa kashe kasuwar shi ne tsofaffin talabijin na Turai da suka cika gari da araha. Kowane ɗaki ya sayi nasa, eriya ta tsiro a kan kwano kamar ƙaya. Da yamma tsakar gida sai kaji da igiyar shanya, kowace ƙofa a rufe, kowa yana dariyarsa shi kaɗai. Abin da suke kallo a ciki, da aure ko ba aure, Allah kaɗai ya sani. Wasiu ma ya sayi sabuwa mai rimot, ya tura tsohuwar lungu kaji suna kwana a kanta. Auren ƙarshe da Osumanu ya ɗaura, daga shi sai Gajere, wanda haƙoransa suka zube har sai an daka masa goron.

A farkon shekarun casa'in Adisa ta bi sahun 'yan Nima zuwa birnin New York, tana kitso. Shekaru suka ɗan tafi. Wata rana aka kira Amama gidan waya, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zane. Adisa ta sami miji, Seidu, direban tasi ɗan ƙasar Gini, mutumin kirki, sai dai ba shi da kowa a Gana da zai zo ya zauna a tabarma ya karɓa. Ita kuma takardunta ba su fito ba, in ta zo ba za ta koma ba. A can za a ɗaura. Suna roƙon Baaba ya yarda limamin can ya sa wakili.

Ya yarda. Ba zai hana 'yarsa aure saboda riga ba. Ya ce Allah ya sa albarka, ya ɗauki farantinsa ya tafi kasuwa, ranar duk wanda ya ce fari sai ya ba shi ja. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da ba ya faɗuwa. Ya aurar da Indiyawa ba adadi, 'yarsa ɗaya tak kuwa wani baƙo ne zai ce ya bayar. Kuma a can ƙasan zuciyarsa ya gaskata cewa ba takardu ba ne, kunyarsa take ji.

Bayan 'yan watanni wani boga, irin masu dawowa daga waje da sarƙa a wuya, ya kawo kaset ɗin bikin. Ya ce Adisa ta ce a kalla a tsakar gida, kuma Baaba ya sa farar rigarsa.

"In sa riga in kalli wani yana ba da 'yata?" in ji Osumanu. Ya karɓi kaset ya cusa a huhun goro.

Amama ta yi haƙuri mako ɗaya, ta ƙara wani. Sannan ta ce, "Wannan ma idda zai yi? Ni na haife shi, ina son in ga fuskansa." Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta zaro kaset da hannunta, ta kori kaji daga kan tsohuwar talabijin, ta sa Wasiu ya hure ƙurar na'urar ya haɗa wayoyi. Ta bi ɗaki-ɗaki tana buga ƙofa. Mutane suka fito, don kowa yana son ya ga Amurka. Aka aika wa Gajere, ya zo yana dogara sanda. Har Malam Lauwali ya leƙo, ya ce wucewa yake yi, aka ba shi kujera ya zauna. Osumanu ya rakuɓe can gefe da tsohuwar rigarsa ta kasuwa, ya ba talabijin rabin baya, yana kallo ta ƙasan hula.

Amurkar dai wani ɗaki ne a ƙarƙashin bene, da bututun ruwa a sama da kujerun roba. Matan gida suka ce ashe ma Maamobi ce da fitila. Ga 'yan Nima nan cike, ana ta nuna ɗan wane da 'yar wance, wannan ya yi ƙiba, wancan ya yi sanƙo. Ga ango, siriri, yana zufa cikin shadda. Ga Adisa a lulluɓe. Amama ta fara sharar hawaye. Sai liman, wani ɗan Nima mai jar hula, ya karɓi abin magana ya juyo ya fuskanci mai ɗaukar hoto sosai.

"Jama'a, na shari'a mun yi da safe, da wakili da shaidu. Amma amarya ya ce ba a gama ba. Ya ce babansa ya yi koyon hannu shekara da shekaru, ba za a bar shi ya tafi a banza ba. Baaba Osumanu na Maamobi, muna nema wa ɗanmu Seidu auren 'yarka Adisa. Muna jiranka."

Adisa ta ɗaga mayafi kaɗan, ta dubi gilashin, ta ce, "Baaba, bismilla."

Daga nan ɗakin Amurka duka ya yi shiru, kowa ya zuba wa Maamobi ido. Wani jariri ya yi kuka aka lallashe shi. Wani ya yi tari. Ango yana ta zufa. Shirun ya yi tsawo, don Adisa ta san babanta, ta bar masa har da wurin gyaran murya. A tsakar gida ma kowa ya juya yana kallon Osumanu. Shi kuwa baki a buɗe, harshen nan da ya sha koyon hannu ya sarƙe, ko "na" ta ƙi fita. Yana nan a haka sai limamin cikin talabijin ya gyaɗa kai ya ce, "Mun ji. Wakilin ango?" Wani ya ce, "Mun karɓa!" Guɗa ta tashi a Amurka.

Osumanu ya zabura. "Kai! Sun karɓi abin da ban bayar ba! Wasiu, tsai da shi! Mai da baya!"

Ya faɗa ɗaki. Aka ji ƙarar akwati, aka ji abubuwa suna zubewa. Da ya fito, warin kafur ya riga shi isowa. Rigar da aka ɗinka wa ƙaƙƙarfan mutum yanzu ta yi masa yawa, layin ninki ya kwanta a jikinta, farin ya koma ruwan madara. Ba wanda ya yi dariya, ko Gajere. Ya ajiye ƙwaryar farin goro, ya sa aka shimfiɗa tabarma a gaban talabijin, ya zauna a kanta, a gaba. Malam Lauwali ya sauko daga kujera ya zauna kusa da shi, bai ce hoto ne ba.

Wasiu ya danna. Liman ya sake roƙo, Adisa ta sake ɗaga mayafi, mutanen Amurka suka sake yin shiru da haƙurinsu kamar ba su taɓa jira ba. Jaririn ya yi kukansa, mai tari ya yi tarinsa. Osumanu ya gyara murya, ya dubi 'yarsa ido cikin ido.

"Na bayar," in ji shi.

"Mun ji," in ji liman. "Wakilin ango?"

"Mun karɓa!"

Guɗa ta tashi a Amurka, ta tashi a Maamobi, har ba a san wadda ta fi ƙarfi ba. Gajere yana kuka yana cewa yau an ƙwace masa aiki. Amama tana raba goro. A cikin talabijin ango ya matso kusa da Adisa, ya miƙa hannu ya kama nata. Yatsan Wasiu, da tsohon sabo, ya tafi kan maɓalli da kansa, ya tsaya, ya juyo yana kallon dattijon.

Osumanu ya share fuska da hannun rigar. "Bar su," in ji shi. "Da aurensu."